Sanƙarau ya tafi da kunnen ɗan yayata, wai sojojin jiki ba sa shiga ƙwaƙwalwa ne?

Kawun Yara: Assalamu alaikum jama'ar gida. Tambaya gare ni ga likitocinmu da ke nan, a yi min haƙuri zan ɗan ja. Ɗan yayata mai shekara shida ya yi sanƙarau a bazarar nan, da fari zazzaɓi ne da ciwon kai sai aka ɗauka maleriya ce aka kai shi kemis aka yi ta yi masa allura kwana biyu, ran na uku wuyansa ya sandare ko haɓarsa ba ya iya saukewa kan ƙirji, in an buɗe taga sai ya runtse ido yana kuka wai hasken na sukarsa. Da aka kai shi babban asibiti suka ɗebi ruwa a bayansa, ni da idona na ga ruwan a 'yar kwalba, fari-fari kamar ruwan da aka wanke shinkafa. Alhamdulillahi ya tashi, amma kunnensa na hagu ya tafi gaba ɗaya, na daman ma sai an ɗaga murya. Abin da ya tsaya min a rai shi ne likitan ya ce wa yayata wai ba ƙwayar cutar kaɗai ta yi ɓarnar ba, har da faɗan da jikin yaron ya yi da ita. To ni abin da na sani tun sakandare, ƙwaƙwalwa a killace take, ko sojojin jiki ba su da hanyar shiga. Wanne ne daidai?

Maman Biyu: Allah sarki yaro. Allah ya ƙara masa lafiya, ya ba uwarsa haƙuri.

Ɗalibin Lafiya: Wa'alaikumus salam Kawu, sannu da jinya. Abin da aka koya maka shi ma muka karanta. Akwai shinge tsakanin jini da ƙwaƙwalwa. Tun 1885 wani Bajamushe Paul Ehrlich ya zura wa dabbobi ruwan rini a jini, duk kayan cikinsu suka rine amma ƙwaƙwalwa ta zauna fes. Ɗalibinsa Edwin Goldmann a 1913 ya juya abin, ya zuba rinin cikin ruwan da ƙwaƙwalwa ke ciki, sai ita ta rine sauran jiki bai rine ba. Sannan a 1948 Peter Medawar a Ingila ya dasa fatar wani zomo cikin ƙwaƙwalwar wani zomon kuma jiki bai kore ta ba, alhali in a kan fata ka dasa kwana kaɗan za ta lalace. Don haka ni a ganina garkuwar jiki ba ruwanta da can, ƙwayar cutar ce dai ta yi aikinta.

Likitar Yara: Ƙanina tarihin da ka kawo daidai ne amma ka tsaya a rabin hanya. Shi Medawar ɗin a wannan aikin dai ya nuna cewa in zomon ya riga ya san baƙuwar fatar, wato an taɓa dasa masa ita a jiki, to ta cikin ƙwaƙwalwar ma sai an bi ta an lalata. Ke nan hanya akwai, labari ne dai ba ya saurin fita daga ciki. Kuma ka tambayi kanka, ruwan da Kawu ya gani kamar na wankin shinkafa me ya sa shi fari? Ruwan nan na mai lafiya garau yake kamar ruwan famfo, fararen ƙwayoyin jinin da ke cikinsa ba sa wuce biyar a ɗigon da muke aunawa. A sanƙarau sai mu ƙirga dubbai a wannan ɗigon. Wannan farin da ya gani, sojojin ne da kansu.

Kawu sannu, Allah ya ƙara sauƙi. Bari in kwatanta maka da gida irin namu na da. Cikin gida ba a shiga, amma ai akwai zaure, kuma a zaure ake yin komai, nan baƙo ke tsayawa, nan maigadi ke kwana, nan ake jin labarin abin da ke faruwa a ciki. Ƙwaƙwalwa tana lulluɓe da tantani hawa uku, na waje mai kauri da ke manne da ƙoƙon kai, na tsakiya mai kamar yanar gizo-gizo, da na ciki siriri da ke kwance a jikinta. Tsakanin na tsakiya da na ciki ruwa ne ke gudana. Waɗannan tantanin su ne zauren, kuma cike suke da ƙwayoyin garkuwa kala-kala, musamman na wajen. Sanƙarau kumburin wannan zauren ne.

Kawun Yara: Ikon Allah. To Likita shi shingen da ɗalibinmu ya faɗa a ina yake kenan?

Likitar Yara: A jikin ƙananan jijiyoyin jinin da suka ratsa ƙwaƙwalwa yake. A sauran jiki bangon waɗannan jijiyoyin yana da 'yan kafofi, abu na iya tsiyayewa ya fita. A ƙwaƙwalwa kuwa ƙwayoyin da suka yi bangon an ɗinke su da juna tsam, sai 1967 aka ga ɗinkin da ido ta madubin lantarki mai ƙarfi. Sukari ma da ƙwaƙwalwa ba ta iya rayuwa babu shi sai ta ƙofarsa ta musamman yake shiga. Ƙananan abubuwa masu narkewa a mai su ne ke sulalewa, shi ya sa in ka tauna goro ko ka sha shayi mai kauri nan da nan barci ya gudu, haka hayaƙin taba. Amma yawancin magunguna a bakin ƙofa suke tsayawa, wannan ne ya sa ba kowace allurar kemis ke isa wurin sanƙarau ba.

Ɗalibin Lafiya: Anti na karɓi gyara a kan Medawar. Amma ai har yanzu ƙwaƙwalwa ba ta da magudanar da ke kai ruwa kaluluwa, inda sojojin jiki ke taruwa, ko? Haka yake a littafinmu, duk jiki na da ita ban da kai.

Likitar Yara: Duba shekarar da aka buga littafin. A 2015 ƙungiya biyu, ta Jonathan Kipnis a jami'ar Virginia ta Amurka da ta Kari Alitalo a Helsinki, kowacce daban ta nuna cewa akwai waɗannan magudanan a cikin tantanin waje na ɓeraye, suna bin gefen manyan jijiyoyin da ke kwashe jini daga kai, suna zuba ruwa da ƙwayoyin garkuwa cikin kaluluwar da ke can cikin wuya. A 2017 aka gan su a mutane da na'urar MRI mai ɗaukar hoton cikin jiki. Wani ɗan Italiya Paolo Mascagni ma ya zana su tun 1787 aka ƙi kula shi. Wato kamar rariyar gida ce, maigadi ba sai ya shiga ɗaki ba, ya tsaya bakin rariya ya ga abin da ruwa ke fitowa da shi ya san ko lafiya. Sai kuma 2018 aka gano wasu 'yan ƙananan hanyoyi da suka huda ƙashin kai daga ɓargonsa zuwa tantanin, fararen ƙwayoyin jini na bi ta nan su sauko kai tsaye in an samu matsala. Ni wannan ya fi komai ba ni mamaki wallahi, barikin soja a cikin rufin ɗakin kansa.

Malam Na Bakin Kasuwa: Tsarki ya tabbata ga wanda ya yi wannan halitta. Amma Likita ni fa abin da ban yarda da shi ba shi ne ɗibar ruwan bayan nan. A unguwarmu yara biyu na sani da aka ɗebar wa, duk ba su kwana biyu ba. Mutane da yawa in sun ji an ce za a cire ruwa sai su ɗauke ɗansu su gudu, kuma ban ga laifinsu ba.

Nas Mai Dare: Baba don Allah ka saurare ni, shekara goma sha ina aiki ɗakin yara. Yaran da ake ɗebar wa ruwan nan yawanci sai sun galabaita ake kawo su, an yi kemis an yi rubutu an yi hayaƙi kwana uku huɗu, ana kawowa likita ya ɗebi ruwa don ya san me zai ba shi, yaro ya cika da asuba sai a ce allurar ce. Lakar da ke cikin ƙashin baya ba ta kai har ƙugu ba, a sama take ƙarewa, allurar kuma ƙasa da nan ake sa ta inda ruwa ne da 'yan jijiyoyi da ke kaucewa. Abin da ake ɗiba bai fi cikin ƙaramin cokali ba. Babban mutum yana da kusan mililita 150 na ruwan nan, kuma jikinsa na yin wajen 500 kullum yana zubar da tsohon, ka ga kafin a gama rubuta takarda ma an soma mayar da abin da aka ɗiba.

Malam Na Bakin Kasuwa: To 'yata amma ba a taɓa samun wanda ta yi wa illa ba?

Likitar Yara: Akwai yaron da ba ma taɓawa Baba, in alamu sun nuna ƙwaƙwalwar ta kumbura matsi ya yi yawa a kai, ko numfashinsa ya rikice, ko jininsa ba ya daskarewa. Irin wannan sai mu fara magani kawai mu jinkirta ɗibar ruwan. Shi ya sa ake duba yaro sosai kafin a yi. Ka tambayi likita ya yi maka bayani haƙƙinka ne, amma ɗauke yaro a gudu gida shi ne abin da ke sa ni kuka, don wannan cutar awa take ƙirgawa ba kwana ba.

Kawu in dawo kan tambayarka ta asali. Ƙwayar sanƙarau irin mai annoba a maƙogwaro take zama, mutum ɗaya cikin goma na iya ɗauke da ita lafiyarsa ƙalau yana yawo. In hunturu ya busar da hanci ƙura ta kakkarce shi, ga zafin bazara ga cunkoso a ɗaki, sai ta samu kafa ta faɗa jini. Tana da wasu 'yan gashi-gashi da take manne wa bangon jijiya da su har ta sa ɗinkin nan ya saki ta ƙetare. Da ta faɗa ruwan ta samu wuri, don sinadaran garkuwa da ke kashe ƙwayar cuta a jini kaɗan ne ƙwarai a cikin ruwan nan, sai ta yi ta hayayyafa ba mai ce mata kanzil. Kafin masu gadin zaure su yi kururuwa ta yi yawa, sai sojoji su kwararo da gayya, suna zubar da dafin da ke kashe ta amma dafin bai san nama na gida ba, jijiyoyi su ƙara buɗewa ruwa ya shiga, wasu su toshe, ƙwaƙwalwa ta kumbura. In ƙafarka ta kumbura akwai inda za ta tafi, ƙoƙon kai kuwa ba ya buɗewa. Jariri ne kaɗai za ka ga maɗigarsa ta taso ta yi tauri, uwaye ku riƙe wannan alamar.

Kunne kuma akwai wata 'yar siririyar hanya da ta haɗa ruwan kai da can cikin kunne inda abin ji yake a nannaɗe kamar dodon koɗi. Cutar da kumburin na bi ta nan, kuma ƙwayoyin ji in sun mutu ba sa sake tsirowa. Likitanku gaskiya ya faɗa. Hukumar lafiya ta duniya ta ce cikin mutum shida da suka yi sanƙarau na bakteriya ɗaya na rasuwa, ɗaya cikin biyar kuma yana tashi da wata nakasa, kurumta ko farfaɗiya ko matsalar karatu.

Hajiya Mai Kayan Mata: To kenan Likita in garkuwar ce ke ɓarna ai gara a rage mata ƙarfi? Ni kullum cewa nake a sha zogale da habbatus sauda garkuwa ta yi ƙarfi, yanzu kin rikita ni.

Likitar Yara: Hajiya ci da kyau ba ya laifi, a ci zogale. Amma maganar ba ta ƙarfi ko rauni ba ce kawai, ta lokaci ce da wuri. Kuma tambayarki likitoci sun yi ta. Akwai maganin rage kumburi deksametazon, wanda wasu mata ke sha don ƙiba ana ce masa sha ka fashe, wanda kuma don Allah a daina. A wani babban gwaji a Turai da aka buga a 2002 an ba manya shi tare da allurar farko ta kashe ƙwayar cuta, mutuwa da nakasa suka ragu. Amma da aka gwada a Malawi, a yara a 2002 da manya a 2007, bai nuna amfani ba, can marasa lafiyar da yawa suna zuwa a makare kuma da yawa na da cuta mai karya garkuwar jiki. Don haka hukunci ne na likitan da ke gaban mara lafiya. In kuma kina son ganin abin da ke faruwa in an janye masu sintiri, dubi mai ƙanjamau da ya bar shan magani, wani naman gwari da ba ya iya komai ga mai lafiya shi ke shiga tantanin kansa ya kashe shi. Haka wani magani da ake ba masu wata cutar jijiya a ƙasashen Turawa, natalizumab, aikinsa hana ƙwayoyin T, wato wani rukuni na sojojin jiki masu sintiri, ƙetare shingen, yana taimaka musu sosai amma a 2005 sai da aka dakatar da shi na wani lokaci don wani bairos da ke kwance shiru a jikin mutane da yawa ya farka a ƙwaƙwalwar wasu. Wato sintirin nan kullum ana yinsa, ba mu dai sani ba sai ranar da aka daina.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum, ina gaida lokotoro. Mu nan Nijar mun san ciwon ga sarai, 2015 ya yi mamu ɓarna ƙwarai a Yamai, likita ta cika har waje ana kwantar da mutane. Abin da mutane ke tambaya shi ne, ai an yi mamu allura tun 2010 an ce sanƙarau ya ƙare, mi ya sa ya dawo? Kuma in allura ba ta shiga ƙwaƙwalwa ƙaƙa take kare ta?

Nas Mai Dare: Yaya ta 2010 ɗin MenAfriVac ce, nau'in A kaɗai take karewa, kuma ta yi aiki, nau'in A da ya kashe sama da mutum dubu goma sha ɗaya a Najeriya a 1996 yanzu kusan ba a ganinsa. Wanda ya zo muku a 2015 nau'in C ne, shi ne ya zo mana a 2017 ya fara daga Zamfara ya bi Sakkwato da Katsina da Kebbi, sama da mutum dubu goma sha huɗu aka yi zargin sun kamu, fiye da dubu ɗaya suka rasu. A 2024 Najeriya ce ƙasa ta farko da ta fara sabuwar allura mai kare nau'i biyar, A da C da W da X da Y. Ita rigakafi ba sai ta shiga kai ba, a jini da maƙogwaro take tare ƙwayar tun ba ta iso bakin zaure ba. Kuma allurar jarirai ta wata-wata da ake yi a asibitin sha ka tafi tana kare wasu ƙwayoyi biyu da su ma suke kawo sanƙarau, a daina tsallake ta.

Malam Na Bakin Kasuwa: 1996 ɗin da kika ambata ai ita ce shekarar da kamfanin magani na Pfizer suka gwada maganinsu Trovan a kan yara masu sanƙarau a Kano. Wannan ya sa har gobe wasu ba sa sakin jiki.

Likitar Yara: Haka ne Baba, ya faru, yara kusan 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu, aka yi shari'a shekaru har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009. Ba zan ce wa kowa ya manta ba. Amma ina roƙo kar zafin wancan ya hana a kai yaron yau asibiti, maganin da muke bayarwa yanzu seftiriyazon an daɗe da saninsa, kuma shingen da ya kumbura yana barinsa ya shiga sosai.

Maman Biyu: Likita ita maleriyar da ake cewa ta hau kai fa, duk abu ɗaya ne? Ɗiyar maƙwabciyata ta yi ta jijjiga da damina aka ce iska ce.

Likitar Yara: Daban ce Maman Biyu amma a wannan shingen dai ake fafatawa. Ita ƙwayar maleriya ba ta ma shiga cikin naman ƙwaƙwalwa, tana cikin jajayen ƙwayoyin jini, su kuma sai su yi danƙo su manne a bangon ƙananan jijiyoyin su cushe hanya, bangon ya fusata ya fara yoyo. A Blantyre ta Malawi an sa yara masu wannan ciwon a MRI, aikin ya fito a 2015, aka ga yawancin waɗanda suka rasu ƙwaƙwalwarsu ta kumbura sosai har ta danne inda ke sarrafa numfashi. A ido ba za ki bambance ta da sanƙarau ba, zazzaɓi da jijjiga da suma duk ɗaya, wani dalilin ɗibar ruwan kenan. Yaro mai zazzaɓi in ya yi jijjiga ko ya daina gane mutane, a yi addu'a a hanya amma asibiti za a nufa.

Ɗalibin Lafiya: Anti nagode, yau na yi karatu. Zan nemi takardun 2015 ɗin in kai wa 'yan ajinmu.

Kawun Yara: Allah ya saka da alheri gaba ɗaya. Na karanta wa yayata duka a waya, ta yi kuka amma ta ce ta samu sauƙi a ranta don ta zata ruwan da ta yarda aka ɗiba ne ya kurumtar da shi, wata biyu kenan tana ɗauke da wannan ita kaɗai ba ta faɗa wa kowa ba. Yanzu me ya kamata mu yi masa?

Likitar Yara: Ka ce mata wannan yardar da ta yi tana cikin abin da Allah ya yi sanadin tashinsa da shi. Ku kai shi sashen kunne da hanci da maƙogwaro na asibitin koyarwa mafi kusa da ku a yi masa gwajin ji, cikin satin nan in da hali, don bayan sanƙarau cikin kunnen na iya fara zama ƙashi a 'yan watanni kuma hakan na rage abin da za a iya yi masa. Na daman wataƙila na'urar ji ta taimaka. Ku lura da jijjiga ko yawan faɗuwa in yana tafiya ko canjin hali, ku faɗa wa likita. A makaranta a yi wa malaminsa magana ya zauna layin gaba, kunnen dama na fuskantar malam, kuma a gida in za a yi masa magana a zo ta gabansa ya ga bakin mai maganar, kar a riƙa yi masa tsawa daga baya.

Kawun Yara: To Likita, Litinin in sha Allahu da kaina zan kai shi. Takardar sallamar da aka ba su a asibitin farko mu tafi da ita?

Nas Mai Dare: Ku tafi da ita Kawu, da sakamakon ruwan in yana hannunku, da katin rigakafinsa. Ku yi sammako don layin kati na da tsawo ran Litinin.